Gudun zafi ma sai mai hali

A shekarar 2023, birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka ya yi kwana 31 a jere kullum zafin rana sai ya kai digiri 43 ko ya zarce. Gundumar Maricopa, inda birnin yake, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a shekarar. Wannan yanki ne kuwa masu ritaya suka daɗe suna tururuwa cikinsa don gudun sanyin arewacin ƙasar, tun 1960 da aka gina musu garin Sun City. Yanzu wasunsu na tattara nasu ya nasu suna hawa tudu: Prescott mai tsayin mita 1,600, ko Flagstaff mai mita 2,100, tafiyar kamar awa biyu a mota.

Ban ga laifinsu ba. Jikin tsoho ba ya jure zafi kamar na yaro, balle mai hawan jini ko ciwon suga. Amma wa ke iya tashi? Mai gidan sayarwa da fansho mai kauri. Tsohuwar da na'urar sanyaya ɗakinta ta lalace, ba ta da kuɗin gyara, tana nan inda take. Can kan tudun ma gidaje sun yi tsada, har a ƙarshen 2020 majalisar garin Flagstaff ta ayyana dokar ta-ɓaci kan matsalar muhalli. Ga kuma gobarar daji: a 2013 ta kashe ƴan kwana-kwana 19 na Prescott a rana guda.

Mu da muka san Afrilu a Yamai ko Tawa, wannan labari bai yi mana nisa ba. Sai dai namu tsofaffin ba su da tudun gudu. Dutsen Bagzan ya haura mita 2,000, gaskiya ne, amma wa zai kai mahaifinsa mai ciwon zuciya can, nesa da babban asibiti da jikoki?

Don haka da ku nake, ƴan uwa na ƙetare masu aiko kuɗin gini. Ɗakin bulo da rufin kwano, babu sili, babu inuwa, tanda ce kuka gina wa Baba, komai kyan fentinta. Kafin a sayi tayil, a ɗaga rufin, a sa sili, a buɗe tagogi masu kallon juna, a dasa bedi a tsakar gida, a kafa sola ko da mai juya fanka ɗaya ce idan wuta ta ɗauke da tsakar rana.