Wasiƙa Ga Masu Gwajin Bakin Mahaifa: A Rubuta Abin da Ido Ya Gani

Zuwa ga ungozomomi, ma'aikatan jinya da masu riƙe da rajista a asibitocin Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Tsanyawa.

Bayan gaisuwa da jinjina bisa ɗawainiyar da kuke yi da iyayenmu mata, magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: sakamakon gwajin da bai fito sarai ba, da yadda ake shigar da shi littafi. Roƙona shi ne, in akwai shakka a rubuta shakka, kada a mayar da ita "lafiya lau" don a huta, kada kuma a kira ta sankara tun ba a tabbatar ba.

Kun fi kowa sanin yadda abin yake. An shafa ruwan khal da auduga, an jira minti ɗaya, an haska fitila, sai ga wani fari-fari mara iyaka, kamar hazo. Wani lokaci kumburi ne ya jawo shi. Wani lokaci kuma matar ta daina al'ada, wurin da ake son dubawa ya shige ciki, ido ba ya kai gare shi. Haka ma takardar gwajin Pap da ke dawowa daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ɗauke da ASC-US. A tsarin Bethesda, wanda aka kafa a 1988, ma'anarta ƙwayoyin fatar sun ɗan sauya kama, amma ba a san dalili ba tukuna. Yawancin irin wannan yakan wuce da kansa, kaɗan daga ciki ne mafarin ciwo. Shi ya sa kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya raba su: R87.6 ga gwajin ƙwayoyin da ya nuna sauyi, C53 ga sankarar da aka tabbatar. Wanda ya rubuta ta biyu a gurbin ta farko ya jefa gida guda cikin zullumi, ya kuma ɓata lissafin jiha. Wanda ya rubuta "babu komai" ya sallami matar da ƙila ba za ta sake dawowa ba sai jini ya ɓalle.

Za a ce faɗin gaskiya zai firgita mata, maigida ya hana ta komawa. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa iya bayani ne. A zaunar da ita a ce: "Baba, ba mu ce kina da ciwo ba, mun ga abin da muke son sake dubawa." Ƙwayar HPV takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta haifar da sankara a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, don haka akwai lokaci, muddin ba a rasa matar ba. Mai ɗauke da HIV kuwa a gaggauta nata, domin haɗarinta ya ninka sau shida. Za a kuma ce rajista ba ta da gurbin "ba a tabbatar ba". To, akwai gefen shafi, akwai katin da ke hannunta. A rubuta abin da aka gani, a yi maganin kumburin in akwai, a sa ranar dawowa ko takardar turawa Kano, a ɗaura ranar da abin da ba ta mantawa, kamar bayan girbin gero ko bayan Babbar Sallah, a karɓi lambar wayar da ta amince a kira.

A 2023 Kano ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV. Iyayensu mata sun wuce wannan gaɓar, gwajinku ne garkuwarsu. Matar da ta bar aikin gida, ta biya kuɗin acaɓa, ta danne kunya ta hau gadon gwaji, ta cika nata alƙawarin. Saura naku, kuma a bakin alƙalami yake.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.