Wa ya ce daji ba ya son ƙarfe?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga Dogon Dutsi har Damagaram: wai daji ba ya son ƙarfe. In kumburi ya fito wa mutum a nono, ko a wuya, ko a muƙamuƙi, sai a ce kada a kuskura a bar likita ya sa masa allura ko aska, domin da zarar ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Kaka tana faɗa, miji yana faɗa, mai maganin da ke yawo da lasifika ranar kasuwa yana faɗa. Abin takaici, har a ɗakin malamai na lakwal ana jin ta, daga bakin mutanen da suka ci BEPC suka ci bak, suke tsayawa gaban allo kullum. Ni kuwa na ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa. Tana hana mutum abu na farko da marar lafiya yake bukata, wato a san sunan ciwon da ke damunsa.

Mu fara da abin da likita yake roƙo, tunda da yawa cikin masu ƙi ba su ma san me suka ƙi ba. In ya ce za a yi biyopsi, ɗan nama yake so daga cikin kumburin, wani lokaci bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Ana kashe zafin wurin, a ciro shi da allura ko ƴar aska, a jefa shi nan take cikin ruwan formol don kada ya ruɓe. Daga nan a kai shi labo, sashen da ma'aikatan asibiti ke kira anapat. Can za a daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, a yanka shi da wata na'ura falle-falle, kowane falle kaurinsa wajen kashi 4 cikin 1000 na milimita, silin gashi ma ya ninka shi sau goma ko fiye. A shimfiɗa fallen kan gilashi, a rina shi da rini iri biyu, ɗaya ya mai da cibiyar ƙwayoyin halitta shuɗiya, ɗaya ya mai da sauran ruwan hoda. Sai likitan da ya ƙware a binciken nama ya zauna gaban madubin likita ya duba: ƙwayoyin nan suna jere bisa tsarinsu, ko sun karya layi suna kutsawa inda ba nasu ba?

Me ya sa ba za a duba da ido kawai a ba da magani ba? Saboda kumburi kama da juna yake yi. Yawancin ƙulluttan da ke fita a nono, musamman ga ƴan mata, ba daji ba ne. Kaluluwar da ta kumbura a wuya tana iya zama tarin fuka, wanda ake warkewa daga gare shi da maganin wata 6, tana kuma iya zama dajin kaluluwa, wanda maganinsa dabam ne ɗungurungum. Hannu ba ya bambance su, hoton eko ma sai dai ya yi zargi. Ko bayan an tabbatar dajin nono ne, aikin bai ƙare ba, domin shi ma iri-iri ne. Wani yana rayuwa ne da sinadarin jikin mace, irinsa ƙwayar tamoksifen tana danne shi shekara da shekaru. Wani kuwa ko ta sha kwali ɗari babu abin da zai ji. A jikin wannan ɗan naman ake gane wanne ne wanne. Duk wanda ya ba da maganin daji bai ga nama ba, ko da farar riga ya sa, jifa yake yi cikin duhu.

To ina maganar ƙarfe ta samo ƙarfinta? Daga abin da idon mutane ya gani, amma suka yi masa gurguwar fassara. Mace za ta ji ƙullutu kamar gujiya, ta yi shiru don kunya. Wata shida, a fara jiƙe-jiƙe. Shekara guda, a shafa wannan a turara wancan. Sai ya fashe, ya fara wari, ya riga ya kai hammata da huhu da ƙashi, sannan a ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibiti. A ɗebi nama, bayan wata biyu rai ya yi halinsa. A zaman makoki sai ka ji an ce: ai mun faɗa, ƙarfe ne. An bar jaki ana dukan taiki. Ciwon ya gama tafiyarsa tun cikin watannin da aka kwashe ana jira. Gaskiya ne likitoci da kansu sun san ƙwayar daji tana iya bin sawun allura, amma abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, kuma suna da dabarun kauce masa. Jinkiri kuwa ba ya kuskure.

Ni abin da ke ɗaure mini kai, tsoron ƙarfen nan a ƙofar asibiti kaɗai yake tashi. Wanzami yana zuwa har gida ya cire wa jariri beli, mu biya shi mu yi masa godiya. Ana kafa mana ƙaho, ana yi mana tsaga, ana yi wa kumburi sakiya da jan ƙarfe. Duk waɗannan da icce ake yin su? Askar wanzami da ta bi kai goma ba mu ji tsoronta ba, sai allurar da aka ɓare daga leda a gabanmu.

Ƴan uwa malamai, mu da muke koyar da SVT mun fi kowa cancantar sanin inda wannan ilimi ya fito. A 1858 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya kafa hujjar cewa cuta a cikin ƙwayoyin halitta take farawa, can ya kamata a neme ta. Shekara ɗari bayan haka, a 1958, Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kamfala ta ƙasar Yuganda, ya bayyana wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ya riƙa aika ɗan naman yaran ta jirgin sama zuwa Landan, kuma a cikinsa ne aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. Wannan ciwo yana nan a ƙasashenmu. Yana da saurin girma, yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana cikin masu saurin jin allurar shimiyo. Yaron da aka gane nasa da wuri yana iya komawa aji. Wanda aka tsaya yi wa turaren iska, kwanakinsa ake ƙonawa.

Haka dajin bakin mahaifa, wanda shi da na nono su ne kan gaba wajen cin matanmu. A cikin naman da aka ɗebo daga mata masu ciwon ne Harald zur Hausen da abokan aikinsa suka gano ƙwayar HPV mai lamba 16 a 1983, da mai lamba 18 a 1984. Daga wannan bincike aka kai ga allurar rigakafin da ta fito a 2006, wadda ake yi wa ƴan mata tun suna ƙanana. Da waɗancan mata sun ce daji ba ya son ƙarfe, da babu ita.

Zancen bai tsaya ga daji ba, har zuciya ya shafa, kuma nan ne ya shigo cikin ajinmu kai tsaye. A 1904 Ludwig Aschoff ya ga wasu ƴan ƙulluttai cikin naman zuciyar mutanen da suka yi fama da zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi. Daga baya aka haɗa zaren: wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙogwaron yaro, yawanci mai shekara 5 zuwa 15. In ba a kashe ta ba, bayan sati biyu ko uku garkuwar jiki sai ta rikice, ta afka wa gaɓoɓi da ƙyauren zuciya. Ciwon gwiwa ya wuce, tabon ƙyauren ya zauna. Shekaru su shuɗe, yarinyar ta yi aure, cikin fari ya zo, numfashi ya gagara, ƙafa ta kumbura, a ce sammu ne ko kishiya. Alhali fenisilin na kwana 10, ko allura guda, zai iya tare abin tun a maƙogwaro. Ba kowane ciwon maƙogwaro ne wannan ba, shi ya sa ma'aikacin lafiya ya kamata ya duba. Mu kuwa me muke yi? Mu kira wanzami ya cire beli.

Toshewar jijiyoyin zuciya ma da muke ɗauka ciwon tsofaffi da masu tumbi ne, binciken nama ne ya ƙaryata mu. A 1953 likitocin sojan Amurka suka ba da sakamakon duba zukatan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22. Kashi 77 cikin 100 an tarar kitse ya riga ya fara taruwa a jijiyoyinsu. Saurayin da ke ɓuya bayan katangar lakwal yana zuƙar sigari, tun yanzu ya fara ginin abin da zai kayar da shi yana ɗan 50.

Na san abin da wani zai ce: Mushe, kai kana da albashi, mu fa? Wannan magana tana da nauyi. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram ya kusa 900. Akwai kuɗin mota, da masauki, da abinci, da gonar da aka bari, da takardar maganin da ba ta ƙarewa. A nan hukuma ce ke da amsa. Ƙasarmu tana da rajistar ciwon daji tun 1992, a sashen binciken nama na Jami'ar Abdu Mumuni. A 2007 aka ayyana cewa kula da dajin mata kyauta ne. A 2021 cibiyar yaƙi da daji ta ƙasa ta fara gashi da na'ura. Duka abin yabo ne, amma rajistar tana Yamai, cibiyar tana Yamai, kuma na'urar gashi ba ta da amfani ga wanda ba a san sunan ciwonsa ba. Naman da ke cikin formol ba ya lalacewa a hanya, ba ya bukatar masauki. Kwalba ce ya kamata ta yi tafiya, marar lafiya ya jira sakamako kusa da gida. Kowane asibitin gunduma da ke fiɗa ya kamata a ce yana da formol, da ranar da ake kwasar kwalabe, da lokacin da aka yanka na dawowar sakamako. Kowace babbar jaha kuma ta cancanci nata likitan binciken nama, da kayan aikinsa, da albashin da zai zaunar da shi. Duk wanda ya cire wa mutum ƙullutu ya jefa a bokitin shara ba a duba ba, ko ya miƙa wa dangi kwalba ba tare da bayanin inda za su kai ta ba, ya yi rabin aiki, kuma rabin da ya bari shi ne mai ceton rai.

Amma tsadar hanya ba ta wanke masu lasifika ba. Mutumin da ke shelar garin magani guda na daji, da hawan jini, da ciwon suga, da basir, a tambaye shi abu ɗaya: wane irin daji? A ina ka gan shi? In wata ta sha ta warke, wa ya tabbatar daji ne tun farko? Ƙullutu marar illa ne yake tafiya da kansa, shi ya karɓi yabo. In na gaske ne kuwa, sai ya ci jikkunan gidan kakaf, ya sallame ta lokacin da asibiti ba ya iya komi, sannan ya ce ƙarfe ya ɓata masa aiki. Gidajen rediyon da ke sayar wa irin waɗannan mutane lokaci su ma suna da kaso a cikin alhakin.

Saura mu. Shekara nawa muna zana madubin likita da alli a kan allo, yara suna haddace sunayen sassansa ba su taɓa leƙa cikinsa ba? Wanda bai taɓa ganin ƙwayar halitta ba, yaya zai yarda cewa ciwo a cikinta yake? Ƙungiyar iyayen yara da ke iya tara kuɗin bikin ƙarshen shekara tana iya sayen madubi guda. Fatar albasa da ɗigon rini sun isa yaro ya ga abin da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Daga cikin yaran nan ne za a samu likitocin anapat ɗin da muke kukan rashinsu.

Malami, in ɗalibi ya kasa haɗiyar yawu ga zazzaɓi, rubuta wa iyayensa su kai shi CSI, kada ka bar shi kwance kan tebur. In ka ga fuskar yaro tana kumbura gefe guda, satin nan za a je, ba bayan hutu ba. Maigida, in matarka ta ce ta ji wani abu a nononta, kai ne za ka fara neman kuɗin mota, kada ka zama mai hana ta. Uwa, ki koya wa ɗiyarki cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an yi fiɗa an cire wani abu, ku tambaya da babbar murya: an aika shi labo? Yaushe sakamako zai fito? Haƙƙinku ne. Addu'a kuma ba ta hana kowa zuwa asibiti ba, a haɗa su biyu.

Gobe in wani ya sake cewa a gabanku daji ba ya son ƙarfe, ku tambaye shi mutum nawa ya sani da jira ya warkar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ikon kai su da wuri.