Dogon Hutu: A Gwada Ba Matasanmu Amana

Jama'a, duk shekara daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantun kwana na Birnin Kudu da Gwaram a kulle suke, ɗakunan babu kowa sai jemagu. Su kuma samarinmu na Surko da kewaye da suka gama sakandare suna majalisa, ana latsa waya ana jiran sakamako. Ni a ganina asara biyu ke nan lokaci guda.

Me zai hana ƙananan hukumomin nan biyu su buɗe sansanin yara na mako biyu a makarantun, su ɗauki waɗannan matasa aikin kula da su, a biya su? A Amurka haka ake yi, galibin masu kula da yaran ɗalibai ne. Mu ma abin ba baƙo ba ne: akwai 'yan Sikawut, da 'yan agaji, da Man O' War mai asali tun 1951. Ga sansanin bautar ƙasa na Fanisau a Dutse, amma shi sai mai digiri ko babbar difloma. Sauran fa?

Wanda aka ɗora wa kulawar shi zai fi kowa amfana. Ka damƙa wa ɗan shekara 19 yara goma: ya tashe su da asuba, ya raba musu tuwo ba son kai, ya raba faɗa, ya gane wanda zazzaɓi ya kama, ya kai su Dutsen Mesa kallon zanen mutanen da, ya dawo da su a ƙirge. Wallahi wannan ba a koyar da shi a allo. Mu da ke ofis muna gani: sabon ma'aikacin da ya taɓa riƙe wasu ba ya jiran a ce masa ɗauki fayil.

Na san za a ce damina ce, gona na neman hannu. Gaskiya ne, sai a sa shi bayan an gama maimai, kafin girbi. 'Yan mata kuwa a ware musu nasu, mata su kula da su, da yardar iyaye.

Kullum cewa muke yaran yanzu ba su da amana. To yaushe muka ba su suka ci?

Allah Ya shirya mana zuri'a.