Kayan shiga ruwa: Kira ga 'yan kasuwarmu tun gulbi bai kawo ba

A yau ina so mu tattauna ne a kan wata haja da ke da wuyar samu a kasuwanninmu, tun daga Cadakori har Gidan Rumji, Agye da Gazawa, alhali kuwa duk damana ana bukatarta, wato tufar da mutum zai sa ya shiga ruwa ba tare da ya tsiraita ba, kuma ba tare da ta zama sanadin ajalinsa ba.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da kayan ninkaya, mu da ba mu da teku, kuma kududdufin wanka na zamani sai a manyan otal na Maradi da Yamai? To amma kowa ya san da zarar ruwa ya sauka tabkuna suke cika, kwazazzabai su ɗauko ruwa, Gulbin Maradi da ya taso daga ƙasar Katsina ya biyo ta Jibiya, ya ratsa Madarunfa, Maradi, Tibiri da Gidan Rumji, shi ma ya kawo. A wannan lokaci yara suna wuni a tabki, mata suna wanki a bakin ruwa, masu yin tubali da masu shayar da dabbobi suna ciki har iya gwiwa, sannan ku kanku ranar kasuwa sau nawa kuke ƙetare ruwa da kaya a ka? Ashe ke nan shiga ruwa muna yi, kayan shigarsa ne ba mu tanada ba.

Al'amarin kuwa ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma yara da matasa su ne kan gaba. A wannan shekara ce ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga watan Yuli domin faɗakarwa a kan wannan musiba. Mu a nan Nijar ba mu manta da damanar 2024 ba, wadda ambaliyarta ta ci rayuka kusan 400, jihar Maradi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wasu gini ya faɗa musu, wasu ruwa ya tafi da su.

Ban ce tufa ce ke kashe kowa ba, amma tana da nata kason. Atamfa da shadda auduga ce, tana shan ruwa ta manne a jiki. Zane idan ya jiƙe sai ya naɗe ƙafafu, mace ta kasa buɗe su, in kuma ya kwance sai ta saki komai ta kai hannu ta riƙe shi saboda kunya, a daidai lokacin da take bukatar hannuwan nan biyu domin ta ceci kanta. Dogon hijabi yana tasowa saman ruwa ya rufe fuska, ko ya sarƙe a reshen ƙaya. Babbar riga da wandon jins kuma igiyar ruwa tana kama su ta ja mutum, in ya zo fita nauyinsu ya hana shi hawa gaɓa. Farin yadi mara kauri ma da aka sa don sutura, yana jiƙewa ya bayyana duk abin da aka so a ɓoye.

Abin da ya dace da ruwa kuwa yana nan cikin dilar gwanjo da kuke kwancewa, wanda wasu ke kira bosho, sai dai ba a ware shi ba. Rigar 'yan ƙwallo ta yadin roba ba ta shan ruwa sosai, kuma nan da nan take bushewa. A samu mai dogon hannu, mai kauri kaɗan, wadda ta zauna a jiki ba ta matse ba kuma ba ta yi burum-burum ba. A haɗa ta da wandon motsa jiki mai mazagi, domin roba kaɗai ruwa na iya zare ta, kuma gara wanda ba shi da manyan aljihu. Ga mata a ƙara da ɗan ƙaramin hijabi mai tsayawa a kafaɗa. Babba ya zaɓi launi mai duhu saboda sutura, yaro kuma a saya masa mai haske kamar ruwan lemo ko ɗorawa, don a riƙa hango shi daga nesa. Kafin a biya kuɗi a ɗaga hannuwa sama, a tsuguna, a ja dogon numfashi. In ɗaya ya gagara, to ba kayanka ba ne.

Ga masu ganin wannan ba sana'a ba ce, ga misali. Wata mata 'yar asalin Labanan da ke zaune a Ostareliya, mai suna Aheda Zanetti, ta lura 'yan matan Musulmi suna ƙaurace wa wasanni da ninkaya saboda rashin tufar da ta dace. A shekarar 2004 ta fara ɗinka kayan da ke rufe jiki duka ban da fuska, tafin hannu da ƙafa, da yadi mara nauyi, kuma su ne aka sani da burkini. Kayan sun bazu har ta kai a watan Agustan 2016 wasu garuruwan bakin teku a Faransa suka hana sa su, kafin babbar kotun ƙasar mai duba ayyukan hukuma ta dakatar da hanin garin Villeneuve-Loubet a ranar 26 ga watan. Yau manyan kamfanoni irin su Nike ma suna yin nasu. Wace dabara ce a ciki da za ta gagari telolin babbar kasuwar Maradi, ko mai keken ɗinki a Cadakori, ga yadi a Kantin Kwari a Kano?

Sai dai akwai wani ɓangare na maganar da ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ya fi shafar halin mai rumfa. Akwai mutanen da ƙirjinsu ne babbar damuwarsu idan za su shiga ruwa. Akwai yarinyar da ta fara ƙirgar dangi, tana ɗaure ƙirjinta tamau da ɗankwali don kada a yi mata dariya. Akwai saurayin da ƙirjinsa ya yi tudu kamar na mace, wanda lalura ce da likitoci suka sani. Akwai matar da aka yanke wa nono saboda ciwon daji. Akwai kuma mata-maza, waɗanda aka haifa da halitta mai rikitarwa, kuma ba baƙi ba ne a wurin malamanmu, tunda littafin Muhtasar na Shehu Halilu da hukuncin gadonsu ya rufe. A ƙasashen Turai da Amurka kuma akwai waɗanda aka haifa da jikin mace amma suke jin kansu maza, suke rayuwa a matsayin maza, kuma da yawansu kan ɗaure ƙirji don ya kwanta.

Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan na ƙarshe, kuma ba wannan muhawara na kawo yau ba. Na ambace su ne saboda a kansu aka yi binciken da ya shafi 'ya'yanmu. A shekarar 2017 an wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa mutane 1,800 masu ɗaure ƙirji, inda sama da kashi 97 cikin 100 suka ce sun gamu da aƙalla matsala ɗaya, kamar ciwon baya, ciwon ƙirji da zafin jiki, kusan rabinsu kuma suka yi kukan ƙarancin numfashi. To in a tudu haka abin yake, ina ga cikin ruwa, inda numfashi shi ne jarin mutum? Shi ya sa ake gargaɗin kada a naɗe ƙirji da bandeji, ko roba, ko leda, balle a shiga ruwa da su. Abin da ya fi shi ne 'yar ciki mai ba da numfashi, a ɗora riga mai duhu mai ɗan sakewa a kai. Huhun Bature da na Bahaushe duk iri ɗaya ne.

A nan ne nake roƙonku alfarma. Duk waɗannan mutane ba za su zo rumfa su faɗi lalurarsu ba. Za ka ga yarinya tana juya rigar maza, ko saurayi yana tambayar 'yar ciki mai kama jiki yana sunkuyar da kai. Idan mai rumfa ya ɗaga murya ya ce, “Kai kuma me za ka yi da wannan?” maƙwabta suka kwashe da dariya, to ya kori ciniki, kuma ya mayar da wannan bawan Allah ga ɗankwali da bandejin da za su iya halaka shi. Hajiya, abin da ya fi shi ne ki ce, “'Yata, gwada wannan, ki ja numfashi mu gani.” Alhaji, kai kuma ka ce, “Samari, ga mai ɗan girma nan, ta fi sakewa.” Rumfa wurin ciniki ce, alƙali yana kotu, malami yana zaure. Mu kanmu muke cewa wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wasu za su ce ai wannan buɗe wa mata ƙofar yawon tabki ne. Amsata ita ce, matan nan suna cikin ruwan tuntuni, neman abinci ne ya kai su. Wasu kuma za su ce babu kuɗi, to riga da wando na gwanjo ba su kai kuɗin turmin atamfa ba. Abin da ban yarda wani ya yi wa mai saye ƙarya a kansa ba shi ne a ce kayan nan suna hana nutsewa ko tsargiya. Ba sa hanawa. Yaro sai da babba a kusa, gulbi in ya kawo a jira shi ya sauka, wanda ya ga jini a fitsarinsa kuma ya nufi likita.

Don haka ina kira ga shugabannin 'yan kasuwa da masu gwanjo da su ware waɗannan kaya a gefe guda tun kafin ruwan fari, teloli su gwada ɗinka samfuri ko biyu su rataya, magadan gari da gidajen rediyo kuma su shigar da maganar cikin faɗakarwar damana. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, to mu taimaka wa jama'a da tufar da ba za ta riƙe musu ƙafa ba.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya kawo kasuwa. Amin.