Gwajin alerji: daga tsagar aska zuwa tsinin milimeta guda

Da zarar hunturu ya kama, hira ɗaya ce a kasuwa da wurin aiki: wannan na atishawa, wancan idonsa ya yi ja, wani kuma asma ta hana shi barci. Kowa da abin da yake zargi. Mai hatsi ya ce ƙaiƙayin gero ne, mai kanti ya ce turare ne, uwa ta hana ɗanta ƙwai da kifi da gujiya gaba ɗaya. Daga nan sai a tsaya wurin mai tebur a sayi ƙwaya a haɗiye. Alhali kuwa likitoci na da hanyar tambayar jiki da kansa abin da ba ya so. Wannan ƙin da jiki ke yi wa wani abu shi ake kira alerji, borin jini ma reshe ne daga cikin rassansa, kuma gwada shi a kan fata ya haura shekara 150.

Wanda ya fara shi ne Charles Blackley, likita a birnin Mancesta na Ingila, wanda mura ke kamawa duk lokacin da ciyawa ta yi fure. Ya zargi bununin ciyawa. Sai ya kankare fatar hannunsa, ya shafa bununin, wurin ya kumbura yana ƙaiƙayi. Ya bayyana wannan cikin littafinsa na 1873. Kalmar alerji kuwa sai a 1906 Clemens von Pirquet, likitan yara a Biyena, ya ƙago ta. A 1907 ya fito da gwajin tarin fuka ta hanyar ƴar tsaga a fata, a 1908 kuma Bafaranshe Charles Mantoux ya kawo na ƴar allura cikin fata, wanda har yau ake yi a asibitocinmu. Likitocin alerji suka ari hanyoyin biyu.

Kowace da aibinta. Tsaga ba ta da ma'auni: hannun wani ya fi na wani nauyi, jini na fita, tabo na zama, kuma fata kan kumbura don zafin tsagar kawai, a ɗora laifi kan abincin da bai ji ba bai gani ba. Allura kuwa tana shigar da abu da yawa, har mai lafiya ma takan nuna shi da cuta. Abin da ya fi muni, ta sha tada borin da ke toshe numfashi ya sauke hawan jini, irin wanda Charles Richet da Paul Portier suka bayyana a 1902, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Akwai ma wata hanya ta 1921, wadda ake ɗibar ruwan jinin maras lafiya a sa cikin fatar mai lafiya a gwada a can; an daina ta don tsoron yaɗa ciwon hanta da makamantansa.

Gyaran da aka yi ta yi tun daga nan abu biyu ne: rage raunin, da tsananta awo. Thomas Lewis da Ronald Grant sun bayyana gwajin ɗan suka a 1924, amma sai a shekarun 1970 Jack Pepys na Landan ya daidaita shi har ya bazu. A 1979 wasu likitoci biyu na Danmak suka fito da ɗan tsinken ƙarfe mai tsinin milimeta 1, da kafaɗa wadda ke hana shi zarcewa, don haka ko hannun wa ya riƙe, zurfin ɗaya ne. Daga baya aka ƙera na roba, wasu masu kai takwas da ake dannawa lokaci guda, kowanne amfani ɗaya a jefar.

Ga yadda ake yi yau. A kan damtsen hannu daga ciki, malamin asibiti na yin alama da bik, ya ɗiga ruwan gwaji iri iri, tazarar santimeta 2 tsakaninsu, ya soki fata ta cikin kowane ɗigo. Ba jini, zafin bai kai cizon sauro ba. Bayan minti 15 zuwa 20 a auna. Ɗigo biyu su ne shaidu: ruwan gishiri, wanda bai kamata ya tashi ba, da histamin, wanda dole ya tashi. In kumburin wani ɗigo ya fi na ruwan gishiri da milimeta 3, an ce jiki ya amsa. Dalilin kumburin an gano shi a 1966 da 1967, lokacin da masana a Amurka da Suwidin suka gano wani sinadarin garkuwar jiki da aka raɗa wa suna IgE, wanda ke manne a ƙwayoyin fata ya sa su zubo histamin. Daga nan ne kuma gwajin jini ya samo asali.

Akwai gwaji na daban don ƙurajen da ke fitowa a hankali inda abu ya taɓa fata, wanda Josef Jadassohn ya fara a 1895. Ana liƙa ƴan faranti ƙanana a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya dace da magini mai taɓa siminti, da mai sayar da turare, da matar da ƴan kunne ko baƙin rinin lalle ke ci wa fata.

To, ina muka tsaya mu nan? Tsinke ba tsada gare shi ba. Wuyar aikin na cikin kwalba da idon mai dubawa. Ruwan gwaji na son firijo, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya sha zafin bazara a hanya ya rasa ƙarfinsa. Yawancinsa kuma a Turai ake haɗa shi, da bununin itatuwan da ba su fitowa a Maraɗi ko Damagaram. Waɗanda suka shafe mu sun haɗa da kyankyaso, da funfuna, da ƴan mitsi-mitsin ƙwarin da ke zaune cikin katifa da buhunan ajiya, waɗanda masanan Holan suka nuna a 1964 cewa su ne ke sa ƙurar ɗaki tada asma. Sa'an nan littattafan likita na maganar jan fata, mu kuwa ja ba ya fita sosai a fatarmu. Tudun kumburin ake shafawa a auna, cikin haske mai kyau.

Wani darasi ya fito daga Afirka. Bincike a Gabon a shekarar 2000 ya nuna yara masu tsargiya ba su cika amsa gwajin fata ba. A Gana kuma, a 2013, an tarar yara da yawa jininsu na nuna alerjin gujiya, alhali suna cin ta lafiya lau, fatarsu ma ba ta amsa ba. Ke nan takardar sakamako ita kaɗai ba hukunci ba ce. Sai an haɗa ta da labarin abin da ke samun mutum in ya ci ko ya shaƙa.

Saboda haka wanda zai je gwaji ya kiyaye abu huɗu. Ya faɗa wa likita duk ƙwayar da yake sha, don maganin mura da ƙaiƙayi na danne fata, sai an bar shi kwanaki kafin gwaji. Ya duba ko an sa shaidun nan biyu. In babu su, kuɗinsa ya tafi a banza. Kada ya yarda a yi masa sai inda akwai allurar adirenalin a ajiye. Kuma kada a hana yaro abinci mai gina jiki don ɗan tudu a hannu, sai da shawarar likita. Sanin abin da jiki ke ƙi ya fi shekara goma ana haɗiyar ƙwayar tebur.

Allah ya ba mu lafiya.