Ƙyallin Kwamfuta da Lafiyar Idonmu

'Yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu, ina so in ja hankalinku a kan wani abu da ake rainawa, watau ƙyallin da fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka ke yi. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Saboda haka duk mai son shiga jami'a a cikinmu, tilas ne ya zauna gaban wannan na'ura yana koyo. Tunda ba makawa, ya kamata mu san yadda za mu zauna da ita ba tare da ta wahalar da idonmu ba.

Fuskar kwamfuta iri biyu ce. Akwai mai sheƙi kamar madubi, akwai kuma marar sheƙi. Mai sheƙi ita ta fi jan hankali a kanti, domin launinta ya fi fitowa. Amma fa kyan ɗan maciji ne. Santsinta yakan dawo da hasken taga ko na fitila kai tsaye cikin ido, sai mutum ya riƙa ganin inuwar kansa a bisa rubutu. Marar sheƙi kuwa tana da ɗan kaushi, wanda ke warwatsa hasken. Kowannenmu ya san yadda allon aji kan yi idan baƙinsa ya goge ya yi santsi. Na gefen taga sai su yi ta leƙe, ba su ganin abin da malam ya rubuta. To, haka abin yake.

Har ila yau, likitocin ido sun ce mutum kan ƙifta ido wajen sau 15 a minti ɗaya, amma in ya ƙura wa kwamfuta ido sai ƙiftawar ta ragu ta koma 5 zuwa 7. Ƙiftawa kuwa ita ce ke shafa wa ido ruwa. Idan ta ragu sai ido ya bushe, ya yi ja, ya yi zafi, wani lokaci har da ciwon kai. Balle a ce lokacin hunturu ne, ga iska busasshiya, ga ƙura. Wannan gajiya ba ta makantarwa, amma ɗalibin da kansa ke sarawa me zai fahimta a firef?

A ganina gyaran na mu uku ne. Na farko, iyaye. In za ku saya wa ɗanku kwamfuta, ku dubi fuskarta tana kashe. In kun ga fuskarku tar kamar a madubi, mai sheƙi ce. Wani zai ce ai ta fi kyan kallon hoto. Gaskiya ne, amma don karatu aka saya, ba don sinima ba. Wanda ya riga ya saya kuma, akwai leda marar sheƙi da ake manna wa fuskar. Game da tabarau da ake talla wai yana tare shuɗin haske, a 2023 masana sun tattara gwaje-gwaje 17, ba su ga shaidar cewa yana rage gajiyar ido ba. Kuɗin gara a kai yaro a auna masa ido da su.

Na biyu, hukumar makaranta. Ina roƙo cikin ladabi a jera teburan ɗakin kwamfuta yadda taga za ta kasance a gefen ɗalibi, ba a bayansa ba, ba kuma a gabansa ba. A kuma sa labule. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa.

Na uku, mu kanmu. Mu karkata murfin kwamfutar har ƙyallin ya ɓace. Mu bar tazarar tsawon hannu tsakaninmu da ita, samanta kuma ya yi daidai da ido ko ƙasa kaɗan, ko da za a ɗora ta a kan littattafai. Mu riƙe farar takarda kusa da ita, mu daidaita haskenta da na takardar, mu ƙara girman rubutu. Kada mu yi karatu da ita cikin duhu bayan an kashe fitila. Bayan kowane minti 20, mu dubi wani abu mai nisan ƙafa 20, watau wajen mita 6, na daƙiƙa 20.

Wanda ya yi duk wannan amma ido bai daina ciwo ba, ko yana gani dishi-dishi, ya je ɗakin shan magani a tura shi asibiti. Kada ya ɗiga maganin da wani ya ba shi. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sashen ido a manyan asibitocin jihohi.

Ni shekarata 16, ina kuma fatan idanun nan su kai ni jami'a, su raka ni har tsufa. Kwamfuta in ta lalace a sayi wata, ido kuwa babu shi a kasuwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani, amin.