Raddi ga mai cewa Jumia ce Amazon ɗin Afirka

Wani ɗan'uwa, malamin makaranta a nan Sabon Wuse, ya matsa wa matasan majalisarmu su sayi hannun jarin Jumia ta waya. Da kuɗinsa ne da na yi shiru, amma kuɗin adashen mutane ake magana.

Ya ce ciniki yana ƙaruwa, kuma kamfanin da ke girma ba ya tsada. Allah ya gafarta Malam, wane ciniki? Dillalin da ya sayar da buhu ɗari na masara a kasuwar Suleja, kuɗin masarar ba nasa ba ne, la'ada ce tasa. Galibin kayan da ke Jumia na 'yan kasuwa ne, ita kamasho take ci, kuma a ciki za ta biya sito da talla da mai babur. Ga shi mutanenmu sun saba sai kaya ya iso su biya. Wanda ya fasa ya kashe wayarsa, kaya ya koma, an ƙona mai a banza. A Mayun 2019 kamfanin Citron ya zarge ta da kumbura alƙaluma. Ta musanta, amma a Agusta ta amsa cewa wasu wakilan tallarta a Najeriya sun shigar da odar bogi don cin kamasho.

Ya ce ai Amazon ma ta yi shekaru tana asara. Gaskiya ne: ta shiga kasuwa a 1997, ba ta ga ribar shekara guda cur ba sai 2003. Sai dai Malam ya tsallake cewa tsakanin 1999 da 2001 hannun jarinta ya zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma Pets.com, ita ma mai ciniki ta intanet, ta shiga kasuwa ta mutu duk a cikin 2000. Wanda ya tsira ake ba da labarinsa. A gida ma, Konga, abokiyar hamayyar Jumia, hannun kamfanin Zinox ta koma a 2018.

Ya ce farashi ya faɗi, don haka ya yi araha. Araha a kan me? An fara sayar da hannun jarin Jumia dala 14.50 a New York a Afrilun 2019, ya haura 40 cikin 'yan makonni, ya faɗo ƙasa da 3 a Maris 2020, ya wuce 60 a Fabrairun 2021, ya sake rikitowa. Wanda ya saya a 30 don ya taɓa ganin 60, shi ma araha ya ce.

Hujjarsa ta cewa jarin dala ne, ita ce ta fi ruɗi. Da dala ake sayen hannun jarin, amma kamfanin naira da sidi da fam ɗin Masar yake karɓa. Da aka saki naira a Yunin 2023, daga wajen 460 ta zarce 1,500 a 2024, duk cinikin Legas ya ƙanƙance a lissafin dala.

Ba na tauye masa haƙƙi: tun da Francis Dufay ya karɓi shugabancin kamfanin a ƙarshen 2022 asara ta ragu, an rufe kai abinci, an fice daga Afirka ta Kudu da Tunisiya. Wannan dalili ne na sa ido. Dalilin saye kuwa, sai Malam ya zo majalisa da takarda: nawa ne kuɗin kamfanin duka a farashin yau, nawa ya rage bayan an biya mai babur, kuma kuɗin da ke asusunsa zai kai shi wata nawa kafin ya buga sababbin hannun jari ya tsinke rabon wanda ya riga ya saya.